Saƙon Ranar Laraba

Unguwar Kusugu, Daura
9 ga Oktoba, 2004

Zuwa ga Yayata Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya mutanen Baure, an gama shigo da gero? Allah ya sa albarka a abin da aka samu.

Hafizu direba ya kawo mini takardarki da ƙullin kuka da daddawa. Na gode, Allah ya bar zumunci. Kin ce in rubuto miki yadda nake. Ina nan. In an kawo abinci ina ci, in an ce in kwanta ina kwanciya. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, sai ɗaiɗai. Tun ranar da aka zo daga Katsina aka ce abokin baban Rabi ya bugo waya daga Khartum, wai zazzaɓi ne na kwana biyu, har an yi masa sutura an binne shi a can, ban yi kuka ba. Wannan ya fi damun surukata Iya fiye da in ina yi. Takan leƙo ta dube ni ta koma. Ni kuwa ba daurewa nake yi ba, na nema ne ban samu ba.

Kin tambaye ni maganar da na yi miki ranar sadakar bakwai, da na ce akwai saƙonsa da ban karanta ba. Na ga yadda kuka kalli juna ke da Goggonmu, kun ɗauka ruɗewa ce. Ba ruɗewa ba ce. Bari in yi miki bayani tun daga tushe, tunda yanzu lokaci ne da ni har ya yi mini yawa.

Bara da zai tafi karatun nan Sudan, ya ce wasiƙar gidan waya sai ta yi wata a hanya, don haka kafin ya tashi ya kai ni wani shago a hanyar tasha. Na wasu Ibo ne, mata da miji, Eucharia da Raphael. Shi yana sayar da kayan gyaran babur a gaba, ita tana kula da ɗakin baya inda suka jera kwamfutoci. Kafe ake ce wa wurin, amma ko ruwan shayi ba a sayarwa. A kan rufin akwai wani babban faranti yana kallon sama, wai ta nan magana take shiga take fita. Eucharia a nan Daura aka haife ta, in tana magana a bayan labule ba za ki ce ba 'yar unguwarmu ba ce. Ita ta koya mini komai.

Abin da ake ce wa intanet, in ji ta, kwamfutocin duniya ne aka haɗa su da juna, ta Daura tana iya miƙa wa ta Khartum magana kafin ki ƙifta ido. Wannan ƙifta idon dai a baki yake, ni shaida ce, wani lokaci sai ki je ki yi la'asar ki dawo shafi bai gama buɗewa ba. Akwai wani ɗan abu mai igiya da ake riƙewa a tafin hannu, ita tana ce masa maus, yaran makaranta suna cewa linzami. In kin tura shi a kan tebur, sai wata kibiya ta motsa a gilashin kwamfutar, inda kika kai ta kika danna nan zai buɗe. Ranar farko ɗaga shi na yi sama ina nuna gilashin da shi, baban Rabi ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai allon haruffa, kibod, wanda aka warwatsa haruffansa ba bisa jerin da muka koya a firamare ba, sai ki yi ta neman harafi ɗaya yana gabanki. Sai burauza, ita ce ƙofar, a samanta ake rubuta adireshin inda za a je.

Imel shi ne wasiƙar. Wani kamfani da ke can ƙasar Turawa yake buɗe miki akwati kyauta. Ba akwatin katako ba ne, ba ma a cikin kwamfutar Eucharia yake ba. Yana can wurinsu, ke dai leƙawa kike yi daga nan. Yana da adireshi, sunanki ne, sai wani harafi mai jela da ya naɗe kansa, sai sunan kamfanin. Yana kuma da mabuɗi, wato kalmar sirri, wadda ke kaɗai kika sani. Eucharia ta ce kada in faɗa wa kowa, ko ita, ko mijina. Ta sa shi ya juya baya, ita ma ta juya, ta ce in zaɓi kalmar da ba zan taɓa mantawa ba, wadda kuma ba za a taɓa ji a bakina ba. Yaya, kalma ɗaya ce haka a duniya. Sunansa na yanka na rubuta. Shekara shida muna tare bakina bai taɓa furta shi ba, kin san tarbiyyar gidanmu. Da na buga, haruffan ba su fito ba, sai 'yan taurari a jere, shi ya sa kunyar ta zo da sauƙi. Shi bai taɓa sani ba. Ke ma na faɗa miki ne don na san ko hanyar kafe ba ki sani ba.

Kowace Laraba in an tashi daga makarantar da nake koyarwa, sai in biya in sayi tikitin awa ɗaya. Yakan ba ni labarin zafin garin, da waken da suke ci safe da yamma har ya gundure shi, ya tambayi haƙoran Rabi. Kuma mutumin nan da kika sani, wanda in yana gida sai ya wuni bai yi magana goma ba, a can bakinsa ya buɗe. Abin da bai taɓa iya faɗa mini ido da ido ba, a nan ya faɗa. Ban buga ko ɗaya a takarda ba, don sai ta bi ta hannun Eucharia kafin ta fito daga firinta, kuma ba maganar da wani zai gani ba ce. Duk suna cikin akwatin.

Larabar ƙarshe na shiga, akwatin ya buɗe, ga sabon saƙonsa a sama. Wanda ba a karanta ba rubutunsa ya fi kauri, da gani kin gane. A gefensa akwai alamar ɗan ƙarfen nan na maƙale takardu, ma'ana ya haɗo da hoto, don na daɗe ina yi masa mita ya turo, Rabi ta fara manta fuskarsa. Na kai kibiya na danna. Kibiyar ta koma wani ɗan abu kamar kalangu a tsaye, alamar a jira ke nan. Ina cikin jira aka ɗauke wuta. Raphael ya ja janareta ya ja, ta ƙi tashi. Eucharia ta ce in dawo Asabar ta cika mini lokacina. Na ce ba komai, ai ba guduwa zai yi ba. Ranar Juma'a aka zo daga Katsina.

To, kin ji. Saƙon yana nan, ba a buɗe ba. In na fita takaba zan je in karanta. Shi nake jira, ban san ko akwai wani abin da nake jira bayan shi ba.

Ki gaishe da maigidan da yara duka. Rabi tana gaishe ki, har yanzu tana yawo da 'yar tsanar da kika ba ta.

Ƙanwarki,
Khairunnisa

Unguwar Kusugu, Daura
20 ga Nuwamba, 2004

Yaya Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da sallah, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Ina fatan kun yi sallah lafiya, kuma ƙafar ta bar ki kin je idi. Mu nan lafiya. Ni dai daga ɗaki na ji kabbara. Iya ta yi wa Rabi kitso ta sa mata sababbin kaya, ƙanen babanta Ikrima ya zaga da ita dangi.

Wata magana ce ta taso. Bayan sallah da kwana biyu Eucharia ta zo mini gaisuwa. Ta yafa gyale har ka, ta kawo lemo da sabulu, ta ce ta daɗe tana son zuwa tana tsoron kada ta yi abin da ba a yi. Ta yi addu'a yadda ake yi, ta zauna a bakin tabarma. Na ga tana ta murza hannu, na san da magana a bakinta. Sai da matan da ke ɗakin suka ɗan ragu ta matso ta faɗa mini.

Ashe kamfanin nan yana da ƙa'ida. Akwatin da aka yi wata huɗu ba a buɗe ba, share shi suke yi, duk abin da ke ciki ya tafi. Ta ce ba mugunta ba ce, wuri suke nema wa wasu, tunda kyauta ne. Kuma lissafinsu daga ranar da na yi shigar ƙarshe yake farawa, da kalandar boko, zai cika a tsakiyar Janairu. Ni kuwa sai bayan babbar sallah da kwana biyu zan fita. Na lissafa da yatsu, na lissafa da kalandar bango, na sake lissafawa ko wata zai yi mini ragi. Bai yi ba. Mako guda ne da ɗan abin da ya ɗora tsakanina da shi.

Ta ce ba sai an karanta komai ba. A buɗe kawai a rufe ya isa, lissafin sai ya koma farko. Aikin da bai kai a dafa shayi ba.

Da ta tafi na sami Iya. Kada ki ɗauka matar nan tana takura mini, wallahi ko uwata sai haka. Ita ke yi mini girki, ita ke yi wa Rabi wanka, a ɗakina take kwana. Na durƙusa na yi mata bayani kamar yadda na yi miki, na roƙe ta in je da rana in dawo, ko da rakiyarta ne. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ita a wannan ɗakin ta yi takabar mahaifin su Ikrima, ko zaure ba ta leƙa ba har ta gama, haka uwar mijinta ma ta yi. Ta ce da asibiti ne da ita za ta ɗauko mini mayafi, amma shagon da samari ke zaune kafaɗa da kafaɗa, a bakin tasha, me za a ce? A ce ƙasar kabarin Nagoggo ba ta bushe ba matarsa tana can. Kin san haka take ce masa, ɗan fari ne, ita ma ba ta kiran sunan.

Sannan ta ce ita dai ta tsufa ba ta taɓa jin akwatin da ke kulle, mabuɗi yana hannun mai shi, ya zubar da kayan cikinsa da kansa ba. Ta nuna mini adakarta ta aure da ke ƙarƙashin gado, ta ce takan yi shekara ba ta buɗe ba, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. A ganinta maganar 'yan kasuwa ce, suna so mai saye ya dawo. Na ce mata wannan ba irin wancan ba ne. Ta ce to, Allah ya kyauta. Daga nan na san an rufe maganar.

Ikrima ya ji, ya ce bari ya tambayi liman. Liman ya ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai lalura, ta dawo ta kwana a ɗakinta, sai dai a gaya masa wace irin lalura ce, magani ne, abinci ne, ko kiran alƙali. Ikrima ya dawo ya tsaya a bayan labule ya maimaita mini, yana jiran amsar da zai kai. Yaya zan aika wa liman cewa ina so in je in ji abin da mijina ya ce mini? Na ce a bar shi, na gode.

Saura hanya ɗaya. Eucharia ta ce in na yarda in aika mata mabuɗin, ta buɗe ta rufe, ta rantse da Allahnta ba za ta taɓa ko saƙo ɗaya ba. Ta yi 'yar dariya ta ce ita da ta hana ni ba kowa, ga shi ita ke roƙo. Sai dai in hanzarta, don a tsakiyar Disamba za su tafi garinsu Kirsimeti, su rufe shagon, kuma bana za su daɗe saboda mahaifiyarta ba lafiya. A lokacin ban ba ta ba, Iya tana bakin ƙofa, kuma ina sa ran za a bar ni in je da kaina.

Ban ji haushin kowa ba. Na so in ji, ko na sami abin yi da rana. Ina zaune ina kallon bango, ba kwalli, ba kitso, kaina ya cukurkuɗe, ni ko a jikina. Wani lokaci sai in ga yatsuna suna buga sunan a kan cinyata, ban san na fara ba.

In kina da shawara ki aiko ta hannun Hafizu. Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki,
Khairunnisa

Daura
12 ga Disamba, 2004

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Na ji an ce ƙaramin naki ya yi ƙyanda, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Takardarki ta iso. Kin ce in ba matar nan mabuɗin in huta, amana ba ta da ƙabila. Na bi maganarki.

Na yago takarda daga littafin shirya darasi, na rubuta adireshin akwatin a sama, na rubuta sunan a ƙasa. Wannan ne karo na farko da na rubuta shi da biro, babu taurarin da za su rufa mini asiri. Na daɗe ina kallonsa. Gajeren suna ne ashe. Na ninke takardar har sai da ta ƙi ninkuwa.

Sai kuma wa zan aika. Ikrima ya iya karatu, kuma na san shi da son ganin ƙwaƙwaf, zai buɗe a hanya ya ga sunan yayansa da rubutun hannuna. Da wane ido zan ƙara kallonsa? Hafizu baƙon namiji ne. Matan maƙwabta kuwa, kafin la'asar an ji a bakin rijiya. Da na duba na duba, sai na ga ba wanda ya fi Iya. Ba ta karatun boko, ba ta da surutu, kuma ranar Alhamis tana zuwa asibiti karɓar maganin hawan jini, ta gaban shagon za ta wuce.

Da safiyar ranar na durƙusa na miƙa mata, na ce mabuɗin akwatin nan ne, don Allah ta sa shi a hannun Eucharia. Ta juya takardar a tafinta, ta tambaye ni me aka rubuta a ciki. Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, na ƙara sunkuyarwa. Ta daɗe tana kallona, sai na ji ta ja numfashi, na san ta gane. Ta ƙulle ta a haɓar zaninta ta fita.

Ta dawo wajen azahar, ta ajiye ledar magani, ta sha ruwa. Ta leƙo ta ce in kwantar da hankalina, ba abin da zai sami kayana. Na so in tambaye ta ko ta sami Eucharia da kanta, da abin da ta ce, amma kin san ba a yi wa suruka tambayar ƙwaƙwa a kan aiken da ta yi maka don alfarma. Na yi godiya kawai.

Tun ranar nake samun barci. Har na fara tunanin hoton, ko da hula ya ɗauka, ko ya rame, ko ya bar gemun da ya ce zai bari. Jiya na ce wa Rabi bayan sallar layya za mu je ta ga babanta a gilashi. Ta ce to, ta ci gaba da wasanta.

Ba ni da wani labari. A gaishe da mai jiki.

Ƙanwarki,
Khairunnisa

Unguwar Kusugu, Daura
27 ga Janairu, 2005

Yaya Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, da fatan an yi layya lafiya, an ci nama lafiya. Yaya yara, yaya ƙafa? Atamfar da kika aiko ta iso, ita na ɗaura ranar fita. Na san da kina da hali da kin zo, kada ki sa komai a ranki.

Ranar Lahadi na yi wanka, aka yi mini kitso da lalle, aka yi sadaka, mata suka yi ta cewa na yi haske. Ranar Litinin da hantsi na ce wa Iya zan je. Ta ce a dawo lafiya. Na bar Rabi a gida, na ce bari in fara gani tukuna. Da na fito titi sai na ga babura suna ta wucewa, kowa yana harkarsa.

Na tarar da shagon a buɗe, ashe ba su fi kwana uku da dawowa ba. Eucharia tana ganina ta taso ta riƙe hannuna, kafin ma mu gama gaisawa ta tambaye ni me ya sa ban aiko ba. Ta ce ta jira har ranar da suka ɗora kaya a mota. Da ta ji shiru sai ta ɗauka na sami wanda ya buɗe mini a Katsina, ko kuma an bar ni na je wani wuri da kaina. Na ce mata na aiko. Ta ce ba abin da ya zo hannunta.

Na ce ta ba ni tikiti. Na zauna a kwamfutar da na saba, ta jikin taga. Na buɗe burauza, na rubuta adireshi, na buga sunan, taurari suka fito. Hannuna bai manta komai ba. Sai wani shafi ya fito da Turanci, wai an dakatar da akwatin saboda an daɗe ba a shiga ba, in ina so a sake buɗe mini in danna nan. Na danna. Ya buɗe. Fari fat, ba komai, sai wani layi a sama yana yi mini maraba.

Eucharia ta karɓi linzamin. Ta duba wurin da ake ajiye waɗanda na aika, ta duba kwandon shara, ta fita ta sake shiga. Ta ce za ta rubuta wa kamfanin, amma kada ta yi mini ƙarya, ba ta taɓa jin an mayar wa wani ba. Sai ta fashe da kuka a gaban samarin nan. Ni ce na riƙa bubbuga bayanta ina cewa ta yi haƙuri.

Lokacina bai ƙare ba, kuma ban san inda zan sa kaina ba, sai na danna wurin rubuta sabon saƙo. Na sa adireshinsa. Na rubuta masa cewa na fita takaba, Rabi lafiya, Iya lafiya. Na aika. Ina zaune, can sai ga saƙo ɗaya ya shigo, da rubutu mai kauri. Yaya, na san ba zai yiwu ba, na sani sarai, amma sai da linzamin ya suɓuce mini. Eucharia ta karanta ta ce inji ne ya amsa, wai babu mai wannan adireshin yanzu. Shi ma an share nasa. Maganata ce aka dawo mini da ita, tana nan a ƙasa yadda na rubuta.

Na dawo gida a ƙafa. Na tarar da Iya a tsakar gida a kan sabuwar tabarma, ta yi wanka ta yafa mayafinta na zuwa suna, kamar mai jiran baƙo. Ta kira ni na zauna. Ta kwance haɓar zaninta ta ciro takardar, ta yi laushi, ta yi baƙi a wajen ninkin. Ta sa mini a hannu ta ce ga amanata, ba wanda ya gani, ko Ikrima.

Ta ce ranar nan ta je har bakin shagon ta tsaya. Ta hango Eucharia a ciki. Sai ta buɗe takardar ta duba, ba ta ma san ina ne sama ina ne ƙasa ba, amma ta san sunan da aka raɗa wa yaronta ne, wanda ba ta sake ji daga bakinta ba tun kafin ya yi wayo. Ta ce sai ta ji ba za ta iya miƙa shi a sa a jaka a tafi da shi wata ƙasa ba. Kuma mabuɗin akwatin 'ya mace ba a ba bare, in dai ana son a tarar da kaya yadda aka bar su. Shi ya sa ta adana mini. Ta ce kullum in ta idar da asuba takan buɗe ta duba ta mayar. Tana faɗa tana murmushi, ta yi mini abin kirki.

Na ce na gode. Na mayar mata da takardar na ce ta riƙe, ni na haddace. Ta karɓa da hannu biyu.

Sannan ta gyara zama, ta matso, ta rage murya, ta ce to, me Nagoggo ya ce.

Na dube ta. Ta rame ƙwarai a watannin nan, ban lura ba sai ranar. Wuyanta duk jijiya, idon nan na hagu ya ƙara yin fari. Na ce mata ya ce yana gaishe ta da kyau, ya ce ta riƙa shan maganinta a kan lokaci. Ta gyaɗa kai ta ce ai ta sani, halinsa ne. Ta share ido da bakin mayafi. Ta tambayi hoton. Na ce hoton bai fito ba, matsalar inji ce. Ta ce ba komai, in na sake komawa in duba mata, wataƙila ya fito. Na ce to.

Wannan maganar ta tsaya tsakanina da ke. Ki gaishe da maigidan da yara. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ƙanwarki,
Khairunnisa